Dokar Hana Shan Taba: Takarda A Yamai, Hayaƙi A Takanamat

Ranar 15 ga watan Mayu na shekarar 2006 shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya sa hannu a kan doka mai lamba 2006-12 ta yaƙi da shan taba, ƙasa da shekara guda bayan Nijar ta amince da yarjejeniyar hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, a kan wannan batu. An yi tafi a Yamai, don ga ƙasa matalauciya ta riga manyanta: Nijeriya ma ba ta samu cikakkiyar dokarta ba sai a 2015. Dokar ta hana busa hayaƙi a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki, ta hana tallar taba, ta hana a sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba. Sai dai kuma an share shekara 2 cur kafin a fito da dokar zartarwa a watan Yuli na 2008, tun daga nan mai hankali ya gane irin gaggawar da hukuma take yi.

Duk mai son sanin inda wannan doka ta kwana, to, ya bar Yamai ya kama hanyar Tawa, tafiyar kilomita fiye da 500, daga nan ya nausa arewa maso yamma ya sauka Takanamat ranar kasuwa. Zai tarar da mai tebur a bakin tasha da alawa da ashana da ganyen shayi da ƙullin sukari, a tsakiyarsu kuma ga kwalin sigari a buɗe, ga laita an ɗaure da zare don mai saye ya kunna nan take. Ba kwali ake saye ba, kara ake saye, dala 5 ko dala 10. Yaron da aka aika da kuɗin ba a tambayar shekarunsa, sau da yawa ma wanda ke gadin teburin bai girme shi ba. Mai teburin bai taɓa jin lambar 2006-12 ba, kuma babu wanda zai ga laifinsa, tun da da Faransanci aka rubuta ta, a jaridar gwamnati aka buga ta, cikin akwatin ofis aka kulle ta.

Wannan kara ɗaya da ake rainawa shi ne ginshiƙin kasuwar gaba ɗaya. Ɗan lakwal ba shi da kuɗin kwali, amma ba ya rasa dala 5. Gargaɗin da aka tilasta wa kamfanoni su rubuta a jikin kwali ba ya isa ga wanda bai taɓa riƙe kwalin ba, ko da kuwa ya iya karatu. Kashi na 16 na yarjejeniyar OMS, wadda Nijar ta rattaba wa hannu da kanta ba da bindiga a ka ba, ya nemi ƙasashe su yi ƙoƙarin hana sayar da sigari kara-kara saboda wannan dalili. A Adar kuwa har gobe haka ake sayar da ita, a gaban jandarma da ɗan sanda, wani lokacin ma su ne masu saye.

Akwai masu kare hayaƙi, kuma ba jahilai ba ne. A fadojin samari na birnin Tawa, inda ake dafa shayi ana warware siyasar duniya, ana jin masu digiri suna cewa wai tun Babban Taron Ƙasa na 1991 aka yi ban kwana da mulkin «kar ka yi», wai kowa da ƴancinsa, huhunsa ne, kuɗinsa ne. Maganar tana da daɗin ji har zuwa lokacin da aka shiga motar kasuwa mai barin Tawa, an cusa mutum 20 a wurin mutum 10, ga mai jego da jariri a cinya, ga tsoho mai tari, direba ko wani ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan ya kunna tasa. Huhun wa ke nan? Hukumar OMS ta ce taba tana kashe mutane fiye da miliyan 7 kowace shekara, sama da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Babu wanda ya ce a ɗaure mutum don ya sha tabarsa a bayan gari shi kaɗai. Abin da doka ta ce shi ne kada ya shayar da wanda bai roƙe shi ba.

Hujja ta biyu ita ce wai yaƙi da taba tsarin Turawa ne da aka ɗora wa baƙar fata. To, sigarin fa, a Bagga ake naɗa ta ko a Kalfu? Turawan da suka kawo ta su ne suka fara korar ta daga gidajensu. Tun 1950 likitocin Ingila, Doll da Hill, suka nuna alaƙarta da ciwon dajin huhu. Faransa ta yi dokar Evin a 1991, ta kammala hana shan taba a mashaya da gidajen abinci a farkon 2008. A 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba 7 na Amurka suka tsaya gaban majalisar ƙasarsu, suka rantse cewa a ganinsu sinadarin nikotin ba ya kama mutum. Shekara 4 bayan haka kamfanonin suka yarda su biya jihohi 46 kuɗin da ya kai dalar Amurka biliyan 206. Kasuwar da ta tsuke a can ita ake nema a nan, wurin da yara suka fi manya yawa kuma alƙali bai taɓa tambayar kowa diyya ba. Wanda yake kare sigari da sunan kishin Afirka, kamfanin London yake wa aiki ba albashi.

Gardamar ma ta girmi OMS da shekaru ɗaruruwa a wannan yanki. Taba ta iso Tumbutu da Maroko a ƙarshen ƙarni na 16, nan da nan malamai suka rabu. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu a 1607 yana halatta ta. Muhammad al-Wali na Bagarmi ya yi nasa daga baya yana haramta ta. Daular Masina ta Seku Amadu ta hana ta da ƙarfin hukuma, amma da Bature Barth ya zauna Tumbutu a 1853 zuwa 1854 ya tarar ana shan ta duk da hanin. Abin lura a nan shi ne bulala ba ta taɓa fid da taba daga bakin mutane ba. Garin taba da kanwa ko toka yana nan a kuncin makiyayan Azawak da tsofaffin Adar, maza da mata, ana noman ganyen a fadamun Maggiya da Gulbin Maraɗi. Masu yaƙi da taba na birni ba su cika waiwayar wannan ba, alhali ita ma tana cin dasashi tana jawo ciwon daji a baki.

Amma babban mai laifi ba mai tebur ba ne, ba kuma ɗan fada mai surutu ba. Gwamnati ce mai fuska biyu. Shekara da shekaru baitulmalin Nijar yana cin kuɗin sigarin da ƴan ƙasa ba su ma sha ba. Kaya ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome, ya shigo da takardar wucewa, duwan ta karɓi harajinta na sake fitarwa, ta buga hatimi, ta kau da kai. Daga shekarun 1970 Nijeriya ce kasuwar, lokacin da ta rufe ƙofarta ga sigarin waje, alhazan Maraɗi da na Ƙonni suka yi arziki da shi. Masanin Faransa Emmanuel Grégoire ya bayyana wannan ciniki dalla-dalla a littattafansa. A shekarun 1990 sai akalar ta juya arewa: manyan motoci suka riƙa bin hanyar Ƙonni, Tawa, Abalak, Agadas, wannan hanya da aka shimfiɗa don uraniyom, daga can kaya ya wuce Dirku zuwa Libiya ko ya ɓulla Aljeriya. A ɓangaren Nijar halal ne mai rasit, da ya tsallake iyaka ya zama fasa-ƙwauri. Kowa ya sani, daga ɗan duwan na ƙofar Tawa har ministan kuɗi, ko wace jam'iyya ce ke kan kujera.

Abin da aka shuka a wannan hanya an girbe shi. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka na 2009 ya sa sigari cikin manyan hajojin fasa-ƙwaurin Afirka ta Yamma. Direbobin da suka san hamada, da rijiyoyin da ake ya da zango, da jami'an da suka saba karɓar na goro, duk sigari ce ta hore su, sannan makamai da ƙwaya suka bi sawu. Mokhtar Belmokhtar, ɗaya daga cikin jagororin masu ɗauke da makamai a Sahara, laƙabinsa «Mista Marlboro». Da ƙungiyoyin irinsa suka kama Gawo da Tumbutu a 2012, cikin abin da suka fara yi akwai ƙona kwalayen sigari da yi wa mashaya bulala a bainar jama'a. Mutanen Takanamat ba labari suke ji ba: suna maƙwabtaka da Tiliya, wadda ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, inda aka kashe mutum 137 a rana guda, 21 ga Maris 2021, bisa ƙidayar gwamnati. Abin kunya ne ga jamhuriya a ce a wannan yanki na Sahel hanin shan taba da talaka ya taɓa gani ana zartarwa da gaske shi ne na mai bindiga, na doka kuwa ko takardarsa bai gani ba.

Ƙungiyoyin farar hula sun yi rawar gani, a faɗi gaskiya. Ba don naci irin na SOS Tabagisme-Niger da shugabanta Inusa Sauna ba, da wuya a ce dokar 2006 ta fito a lokacin da ta fito. Amma bayan nasarar, yaƙin ya koma bikin shekara-shekara: ranar 31 ga Mayu a raba riguna da huluna, a yi jawabi da Faransanci a ɗakin otal mai sanyi, a sa hannu a karɓi kuɗin zama, sai baɗi. Rediyoyin karkara suna nan, limaman Juma'a suna nan, hakimai da masu gari suna nan, kuma su ne jama'ar Adar ke saurare. Fassara muhimman sassan dokar da Hausa da Tamajak da Fulatanci ba zai ci kuɗin taro guda na Yamai ba.

Lissafin da ya kamata a karanta wa magidanci a rediyo ba shi da wuya. Kara 10 a rana a kan dala 5 ya kama sefa 250. A wata jika 7 da rabi. A shekara sama da jika 90. Wannan ya fi kuɗin buhun hatsi biyu, a ƙasar da rumbu ke ƙarewa tun kafin bazara, samari su watse zuwa kurmi da Libiya neman abin da za a ci. In ciwo ya zo kuma, gidan likitan ƙauye zai tura shi babbar asibitin Tawa, Tawa ta tura shi Yamai, inda sai a 2021 aka fara gashin ciwon daji da na'ura a cibiyar ƙasa. Kafin nan an sayar da akuya, an sayar da rago, an jinginar da gona. Kamfanin da ya sayar masa da hayaƙin ba zai aiko ko da kuɗin likkafani ba.

Maganin da aka gwada a ƙasashe da dama ya ci shi ne tsada. OMS tana ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na farashin kwali. A Disamba 2017 ƙungiyar CEDEAO ta tsayar da mafi ƙarancin haraji na kashi 50 cikin 100 tare da ƙarin wani abu a kan kowane kara. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairu 2025, amma tana cikin UEMOA mai irin wannan ƙa'ida, kuma ƙasar da ke alfahari da cin gashin kanta ba ta bukatar izinin kowa kafin ta tsawwala wa guba haraji. Manyan ƴan kasuwa za su ce tsada tana haifar da fasa-ƙwauri. Su ne ya kamata su fi kowa jin nauyin faɗin haka: fasa-ƙwaurin da aka sani a wannan ƙasa ya bunƙasa ne lokacin da sigari take da arha, da rakiyar hatimin duwan.

Majalisar da ta yi dokar 2006 babu ita tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma dokar ba a soke ta ba, zartar da ita kuma ba ya jiran ɗan majalisa. Hukumar da ta iya hana zirga-zirgar babura a yankunan kan iyakar Mali, aka kuma bi, ba za ta ce ta gaza hana direba kunna sigari a motar haya ba, ko ta gaza matsar da teburin taba daga ƙofar makaranta. Shugaban ƴan tasha na Tawa zai iya tsayar da na farko cikin mako guda in an kira shi an gaya masa. Na biyu aikin masu riƙe da ƙaramar hukumar Takanamat ne da mai gari da shugaban makaranta. Gwamnan jahar Tawa da daraktan kiwon lafiya na jahar kuma suna da tambaya ɗaya a gabansu, amsarta tana cikin rajistar ofisoshinsu: daga Yuli 2008 zuwa yau, mutum nawa aka ci tara a faɗin jahar saboda sayar wa yaro sigari? A buga adadin, kowa ya gani.