"Zan sa ka a addu'a"

1/ Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci min rai. 'Yan'uwana Kirista na fi nufi, amma kowa ya karanta, ba laifi. Za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Bara lokacin rajista, abokina da muke ɗaki ɗaya ya ce min kuɗinsa bai cika ba, saura dubu 12, ga shi ranar Juma'a za a rufe. Babansa manomi ne, girbi kuma da saura. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Mutumina, Allah zai buɗe hanya, zan sa ka a addu'a."

3/ A ranar akwai dubu 9 a asusuna, na tara don takalmi. Ko sisi ban ba shi ba. Abin kunyar ma, addu'ar ban yi ba, na manta kwata-kwata. Ya tattara ya koma gida, shekarar ta wuce shi. Yau ina aji 3, shi yana aji 2.

4/ Tun daga nan na fara lura da yadda muke amfani da wannan kalma. Sau da yawa rufe hira muke yi da ita cikin ladabi. Mutum ya rubuta damuwarsa a WhatsApp, mu tura masa hannuwan nan biyu na addu'a, shi ke nan mun sauke nauyi.

5/ Mu matasa mun mayar da sujada ta zama waƙa kawai. In ganga ta yi daɗi, mai jita ya ƙware, tsigar jiki ta tashi, sai mu ce yau an yi sujada. Ni ma ina cikin mawaƙa, ba raina waƙa nake ba. Amma ku buɗe Ibraniyawa 13:15-16. Yabon baki da taimakon juna, duka biyun hadaya aka kira su, a ayoyi biyu masu bin juna.

6/ Wanda ya fi taɓa ni shi ne Karniliyus, a Ayyukan Manzanni 10. Sojan Roma ne a Kaisariya, ba Bayahude ba. Da mala'ika ya zo masa, abu biyu ya ambata sun iso gaban Allah: addu'o'insa da taimakon da yake yi wa matalauta. Tare suka hau. Yakubu kuwa, a sura ta 2, ya kawo misalin mai sallamar ɗan'uwa mayunwaci da fatan alheri, hannu wofi. Da na karanta sai na ga hotona.

7/ Na san wani zai ce, mu ɗalibai me muke da shi? Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota zuwa gida ma sai an yi lissafi. Amma ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yaba a 2 Korintiyawa 8 suna cikin matsanancin talauci, kuma su ne suka roƙa a bar su su sa hannu a gudummawar masu bi na Urushalima. Rabin mudun gari ma bayarwa ce. Haka kuɗin Keke Napep, haka raba kwanon shinkafa biyu.

8/ Kada wani ya ɗauka ina cewa addu'a ba komai ba ce. Ta gaske aiki ce mai nauyi. Mamata tana zumuntar mata, da asuba za ka ji tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, har da yaron maƙwabciyarmu Musulma da ke fama da sikila. Gari na wayewa sai ta ce, "Ɗauki kunun nan ka miƙa musu." Ban taɓa ganin ta yi wata uku tana kiran sunan mutum a gaban Allah ba tare da wani abu ya fita daga ɗakin girkinta zuwa gidansa ba.

9/ Shi ya sa nake ganin in da na durƙusa da gaske na kira sunan abokina a daren nan, da wuya na tashi ban tuna da dubu taran nan ba. Wataƙila ma dalilin mantuwar ke nan.

10/ Af, masu ba mabukaci buhu suna haska masa kyamara a fuska, Matiyu 6 na jiranku. Masu "shuka iri" don Allah ya ninka musu sau ɗari kuma, wannan ai jari ne. Maganar wata rana ce.

11/ Yanzu in na ce zan yi wa mutum addu'a, sai na rubuta sunansa a waya nan take, sannan na tambaye shi, "Me ya rage?" Wani lokaci ba ni da shi, sai na faɗa masa gaskiya, mu nemi mutum uku ko huɗu mu haɗa.

12/ Watan jiya na zaunar da abokin nawa na faɗa masa komai, har maganar takalmin. Ya yi shiru, can ya ce, "Ai na ga ranar da ka sayo shi." Da izininsa na rubuta wannan.