Shirin Zaga Tsibiran Sikotilan Da Hunturu

A wannan mako zan ba ku labarin shirin da na ke yi na bin gaɓar teku ta yammacin ƙasar Sikotilan da mota cikin watan Nuwamba, watau lokacin da baƙi suka watse, kuɗin masauki ya sauko.

Da fari na shimfiɗa taswira ina ƙidayar mil, sai na ga ashe tsawon yini da jirgin fito su ke da hukunci. A can, ƙarshen Nuwamba, rana kan faɗi tun ƙarfe 4 ba ta yi ba. Hanyoyin tsibiran kuwa da yawa mota ɗaya su ke ɗauka, in an gamu sai ɗaya ya raɓe.

Daga garin Oban zuwa tsibirin Mul jirgi kan yi kamar minti 50. Daga ƙarshen Oktoba a kan rage yawan tashinsa, in iska ta tsananta kuma a fasa. Tsibirin Sikai ya fi sauƙi, gama an buɗe gadarsa a 1995.

Saboda haka na tsai da shawara a kan waɗannan tsibirai biyu kaɗai. Zan bar rarar kwana guda bayan ƙetarowa daga Mul, kada iska ta tsare ni jirgin komowa gida ya tashi ya bar ni. Zan kuma aika tun yanzu a tabbatar mini da masauki, don da yawa kan rufe da hunturu. Sauri ya kan haifi nawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya so.