Kafin a ɗaga guduma a tsofaffin asibitocin gwamnati da na bariki, a duba abin da ke jikin ginin



Duk lokacin da aka ba da kwangilar gyaran wani tsohon asibiti a nan Kudu, na gwamnati ne ko na cikin bariki, kowa ya san su wa za a nema ranar da za a fara rushe-rushe. Ɗan kwangila zai aiko wakilinsa bakin titi da sassafe ya ɗebi leburori, kuma da yawa daga cikinsu yaranmu ne. Su ne za su hau sama su ɓalle kwano, su sauke silin, su kwashe ɓaraguzai a baro. Idan yamma ta yi 'yan gwangwan su zo da kurarsu su sayi ƙarfe da waya da tsofaffin injuna, su ma galibi namu ne. Saboda haka maganar abubuwa masu guba da ke cikin waɗannan gine-gine ta shafe mu kai tsaye, ba ta injiniyoyi da likitoci kaɗai ba ce.

Matsayinmu a nan shi ne kada a fara rushe ko gyara wani tsohon ginin asibiti na hukuma sai ƙwararre ya shiga ya bincika, ya rubuta abin da ya gani, an kuma ware kuɗin cire abin da ke da haɗari tun a takardar kwangila. Nauyin wannan yana kan mai ginin, wato gwamnati ko rundunar soja. Bai dace a bar shi a kan yaron da aka yi wa cinikin yini ɗaya ba.

Babban abin da muke jin tsoro shi ne asbesto. Duk wanda ya girma a gidajen ma'aikata ko a bariki ya san wannan kwanon mai launin toka, mai kauri, wanda ba ya tsatsa kuma ba ya ƙara idan ana ruwa, da farin silin da ake yi da shi. Daga shekarun 1950 zuwa 1980 an yi gine-ginen gwamnati da shi sosai, don yana da arha, yana hana zafi, wuta kuma ba ta cinsa. A asibitoci har da shi ake naɗe bututun ruwan zafi da tukwanen tururi na ɗakin wanki da ɗakin tafasa kayan tiyata. Manyan asibitocinmu na wannan zamanin ne. An buɗe UCH ta Ibadan, wadda ba ta da nisa da Sabo, a 1957. LUTH da ke Idi-Araba, maƙwabciyar unguwar Hausawa, ta fara aiki a 1962. Ba muna cewa ga abin da ke cikin wannan gini ko wancan ba ne. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce duk ginin da aka yi a wancan lokaci a ɗauka yana da asbesto har sai gwaji ya nuna babu.

Illarsa a ƙurarsa take. Idan aka fasa shi, ko aka yanka shi da inji, ko aka share garinsa da tsintsiya, wasu siraran zaruruwa da ido ba ya gani sukan tashi su daɗe a iska. Wanda ya shaƙe su, sun shiga huhu ke nan, kuma jiki ba ya iya narkar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kowane nau'in asbesto yana haddasa ciwon daji: na huhu, na maƙogwaro, na ƙwan mace, da wani mugun nau'i da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda da wuya a warke daga gare shi. Akwai kuma cutar da ke sa huhu ya ƙanƙance ya yi tauri, mutum ya riƙa haki ko da yana zaune. Hukumar ta ƙiyasta cewa sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara a duniya saboda shaƙar asbesto a wurin aiki. Mai shan taba kuma haɗarinsa ya ninka.

Abin da ya sa mutanenmu ba sa ɗaukar maganar da muhimmanci shi ne ciwon ba ya fitowa da wuri. Yakan ɗauki shekara 20, 30, har 40 ko fiye. Yaron da ya sauke silin yana ɗan shekara ashirin a Legas, sai ya koma gida ya yi aure, 'ya'yansa sun girma, sannan tari da ciwon ƙirji su kama shi a wani ƙauye a Jigawa ko Sakkwato. Za a ce tarin fuka ne, a ba shi maganin wata shida bai ji sauƙi ba, wasu su ce sammu ne. Babu wanda zai tuna da aikin kwana uku da ya yi a wani asibiti, kuma babu takardar da ta nuna ya taɓa taka wurin. Ɗan kwangila ya daɗe da cin ribarsa. Matar da ta riƙa kakkaɓe masa kayan aiki tana wankewa ita ma ba ta tsira ba, domin a ƙasashen da suka bi diddigin cutar an samu matan ma'aikata da suka kamu ta wannan hanya.

Akwai wanda zai ce ai mun kwana ƙarƙashin wannan kwano shekara da shekaru ba abin da ya same mu. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Kwanon asbesto da ke zaune lafiya, bai fashe ba, ba ya zubar da gari, haɗarinsa kaɗan ne, kuma sau da yawa barinsa a inda yake ana lura da shi ya fi cire shi da gaggawa. Shi ya sa ba mu ce a tashi gobe a yaye rufin kowane asibiti ba. Ingila ta haramta asbesto gaba ɗaya tun 1999, amma har yau yana nan a cikin asibitocinta da makarantunta masu yawa. Bambancin shi ne dokarsu ta tilasta wa mai kula da gini ya ajiye rajista: ga inda asbesto yake, ga halin da yake ciki. Kafin a yi gyara ko rushewa sai an sake bincike na musamman, kuma mai aikin sai ya ga wannan rajista kafin ya taɓa bango. Duk da haka suna rasa kimanin mutum 5,000 a shekara, yawancinsu sakamakon ƙurar da suka shaƙa shekaru da dama da suka wuce. Tarayyar Turai ta haramta shi a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Mu da muka fi su buƙatar gyaran tsofaffin asibitoci, rajistar nan ita ce mafi arhar abin da za mu iya kwaikwaya.

Yadda ake cire shi ma ba wani sirri ba ne. Ana kwashe marasa lafiya daga ɓangaren, a killace wurin. A jiƙa kwanon da ruwa, a kwance ƙusoshinsa, a sauko da shi ɗungurungum ba tare da an jefo shi ƙasa ba. Ba a sa masa injin yanka, ba a share wurin da busasshiyar tsintsiya. Mai aikin yana sanye da rigar da za a jefar bayan an gama da takunkumi mai matatar ƙura ta musamman, domin ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci da takunkumin da muka saba da shi lokacin korona ba sa tare waɗannan zaruruwa. Sai a naɗe shi a leda mai kauri ninki biyu, a rubuta abin da ke ciki, a kai inda hukuma ta amince a binne. Ku kwatanta wannan da abin da muka saba gani: ana wurgo kwano daga sama yana tarwatsewa, masu jinya na zaune a baranda, daga baya a sayar da masu kyan a rufa shago ko ɗakin kaji, fasassun kuma a yi cikon rami da su a unguwa, mota na bi ta kai tana niƙa su.

Asibiti kuma ya bambanta da sauran gine-gine, don akwai abubuwan da a nan kaɗai ake samunsu. Tsofaffin ma'aunan zafin jiki da na'urorin awon hawan jini suna ɗauke da zaiba, wadda tururinta ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Yarjejeniyar Minamata, wadda Nijeriya na cikinta, ta sa a daina ƙera su, amma tsofaffin suna nan jibge a sito. Bangon ɗakin hoton ƙashi akan lulluɓe shi da fallayen dalma, kuma tsohon fenti ma yakan ƙunshe ta. Mu ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Zamfara. Ɗan gwangwan da ke narkar da ita a tsakar gida inda yara ke wasa, irin wannan ƙofar yake buɗewa.

Wanda ya fi ɗaga mana hankali shi ne injin gashin ciwon daji. Injin hoton ƙashi idan an kashe wuta shi ke nan, ba ya fitar da komai. Amma wasu injunan gashi suna da wani ɗan ƙaramin curi na sinadarin nukiliya a cikin kansu, wanda ke fitar da tiriri dare da rana ko da an yi shekaru da watsar da injin. A watan Satumba na 1987, a garin Goyaniya na ƙasar Brazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka ƙaurace wa, suka ciro kan irin wannan inji, suka fasa, suka sayar wa mai gidan gwangwan. Da dare mutumin ya ga wani gari a ciki yana haske shuɗi, ya ɗauka abin daraja ne, ya kai gida yana nuna wa 'yan uwa da abokai. Mutum huɗu suka mutu: matarsa, ma'aikatansa biyu, da 'yar ɗan uwansa mai shekara 6. An gwada mutum kusan 112,000, aka samu 249 da sinadarin a jikinsu, aka rushe gidaje. A shekarar 2000 irin haka ta sake faruwa a ƙasar Tailan, nan ma a gidan gwangwan, mutum uku suka rasu. A duka biyun masu sana'a irin ta 'yan uwanmu ne abin ya fara ci. Don haka duk wanda aka kawo wa wani dunƙulen ƙarfe daga asibiti mai nauyin da ya wuce girmansa, ko mai alamar fanka mai fukafukai uku a kan launin ruwan ɗorawa, kada ya saya, kada ya fasa, ya nisance shi ya sanar da hukuma.

Hukumomin da alhakin ya rataya a wuyansu suna nan. NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan dokokin muhalli, NNRA kuma ita ke kula da duk wani abu mai tiririn nukiliya, ga LASEPA a jihar Legas. Ƙasar nan ta taɓa nuna tana iya tashi tsaye: bayan da aka jibge gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988, a cikin shekarar aka yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da irin wannan shara. To amma waccan guba daga waje aka kawo ta, kowa ya ji haushi. Wadda ke cikin silin ɗin asibitin gwamnati tamu ce, ba ta wari, ba ta jawo kanun labarai.

Asibitocin soja suna da tasu matsalar ta daban. Bariki ba wurin da farar hula ke shiga ya tsaya yana tambayar ina takardar bincike ba ne, kuma lebura da aka shigo da shi ta ƙofar bariki ba ya da bakin cewa ba zai hau ba. Mun fahimci dalilin tsaro. Sai dai asibitoci irin na 68 da ke Yaba ba sojoji kaɗai suke yi wa magani ba, farar hula ma na zuwa, kuma matan sojoji da 'ya'yansu, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne daga Arewa, su ne ke kwana a kewayen duk wani gini da ake rushewa a cikin bariki. Rundunar soja tana da injiniyoyinta da likitocinta, kuma ta fi kowa iya bin umarni idan ya fito daga sama. Idan hedikwatar tsaro ta ce ba a sakin kuɗin kwangilar gyara sai an haɗa da rahoton bincike, gobe za a fara.

Za a ce babu kuɗi, asibitin da ba shi da wuta da magani ina ya ga na gwajin silin. Mun ji. Amma kwangilar da ta iya ɗaukar tayil da fenti da sababbin na'urorin sanyaya ɗaki ba za ta gaza ɗaukar samfurin kwano a kai ɗakin gwaji ba. Idan ba a rubuta kuɗin cirewa a kwangila ba, ɗan kwangila zai bi hanya mafi arha, kuma hanya mafi arha ita ce yaro da guduma.

A namu ɓangaren, muna roƙon sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin 'yan gwangwan da masu haɗa leburori da aiki su ɗauki wannan magana zuwa majalisunsu. Wanda zai kai yara aikin rushe tsohon asibiti ya tambayi ɗan kwangila tun kafin a yi ciniki ko an duba ginin, kuma wa zai ba da takunkumi da ruwan jiƙa kwano. Ya rubuta sunayen yaran da wurin da ranar a littafi ya ajiye, ko don wata rana likita ya tambaya. Kayan aikin kuma a cire su a can, kada a shigo da su ɗakin da iyali ke kwana. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a baya kuma yake fama da tari ko haki da ya ƙi jin magani, idan ya je asibiti ya faɗa wa likita da bakinsa cewa ya yi aikin asbesto, da shekarar da ya yi.

Limamanmu kuma muna roƙon su taɓa batun bayan sallar Juma'a, domin yawancin yaran da abin ya shafa ba sa karanta wannan shafi. Wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu.

Sakataren ƙungiya