Kimonon Japan da Saƙin Inna

A watan da ya gabata ni da uwargida muka cika shekara 15 da aure. Ban saba ƙirga irin wannan rana ba. Ɗiyar yayata, wadda ke zaune a gidanmu tana karatu, ita ce ta tuna mana. Ta zo da wayarta ta nuna mana hoton wasu ma'aurata 'yan ƙasar Japan, furfura ta fara kama su, suna tsaye a wata tsohuwar unguwa ta birnin Kiyoto sanye da kimono, wato doguwar rigarsu ta gargajiya mai faɗin hannu da babbar ɗamara. Don tunawa da ranar aurensu suka ɗauki hoton.

"Kawu," in ji ta, "ku ma ku yi irin wannan mana. Akwai telan da zai kwaikwayo muku ita tsaf."

Na yi dariya, uwargida kuwa ta yi shiru. Duk wanda ya daɗe da aure ya san shirun mace iri-iri ne, kuma wannan na son abu ne.

Ranar Asabar muka tafi gida Wurno gaishe da Inna. Yarinyar nan ba ta haƙura ba, ta kai ƙarata wurin kakarta, ta nuna mata hoton. Inna ta kai wayar kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Rigar nan tasu ce ko aro suka yi?" Aka ce mata ta iyayensu da kakanninsu ce. Ta ce, "To, ku ina taku?" Ba ta jira amsa ba ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar buɗe adaka. Ta fito da zanen saƙi mai zanen zabo, da mayafinsa, yana ƙamshin turaren wuta na shekaru. Da shi aka kai ta ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Mahaifiyarta ce ta gurje audugar, ta shiɓe ta, ta kaɗa zaren da mazari, aka kai wa marini ya turara wani sashe da baba, masaƙi ya saƙa sawaye aka harhaɗa. Ta miƙa wa surukarta ta ce, "Ungo, 'yar nan, ɗaura mu gani."

Tambayar Inna ita ta haifi rubutuna na wannan mako. Hoton ma'aurata ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa, sai dai mun fi ba da ƙarfi ga na kafin aure, lokacin da ba a san halin juna ba. Auren da ya jure talauci da jinya da rainon yara, shi ba kasafai ake tuna shi ba, alhali shi ya fi cancanta. Na san akwai masu ganin tuna ranar aure koyi ne da baƙin al'adu, kuma hukuncin wannan na bar wa malamai. Abin da na sani shi ne miji ya faranta wa matarsa rai a cikin gidansa ba baƙon abu ba ne a addini ko a al'ada. Damuwata tana kan tufafin da muke sawa idan mun tsaya gaban mai hoto.

Duba yadda bukukuwanmu suka koma. Yau daren Larabawa, gobe shigar Indiyawa. Idan an tuna da gida sai a yi shigar Fulani da rigar haya, wadda inji ya buga a wata ƙasa aka zana mata ado kamar na hannu, a riƙe ƙwaryar da ba ta taɓa ganin nono ba. Mafi ciwo shi ne abin da ake kira ranar ƙauyawa, inda 'yan mata ke ɗaura irin zanen kakanninsu su ɓata fuska da kwalli don a yi dariya. Mutumin Japan yana sa rigar kakansa don ya girmama ranarsa, mu muna sa ta kakanninmu don mu yi mata ba'a.

Kada a ɗauka kimono ba ta sha wahala ba. Yawancin mutanen Japan a yau kayan Turawa suke sawa, sai ranar aure ko cikar shekarun balaga ko wani biki suke ɗauko ta, kuma da yawa daga cikin na haya inji ne ya saƙa su. Bambancin shi ne sun ƙi yarda sana'ar ta mutu. A 1950 suka yi dokar kare kayan al'adu, kuma daga 1955 gwamnati ta fara ayyana gwanayen sana'o'in hannu, ciki har da masaƙa da marina, a matsayin taskar ƙasa mai rai, tana ba su tallafi don su koyar da na baya. A 1974 suka ƙara da wata dokar ta bunƙasa sana'o'in gargajiya. Har yanzu ana saƙar siliki a unguwar Nishijin ta Kiyoto, wadda ta samo sunanta tun ƙarni na 15. A 2019 da tauraruwar Amurka Kim Kardashian ta sa wa kamfaninta na kayan ciki suna Kimono, magajin garin Kiyoto, Daisaku Kadokawa, ya rubuta mata wasiƙa yana neman ta sake tunani, kuma ta canja sunan zuwa Skims. Wanda ya san darajar kayansa ba ya barin a yi wasa da ko sunansu.

Mu ma ba matsiyatan tufa ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa Tumbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Ba cikin ganuwa kaɗai ake wannan aiki ba, ƙauyuka ne ƙashin bayansa, kuma Birnin Kudu da Gwaram a lokacin ƙasar Kano suke. Muna da saƙi da tsamiya da barage da gwado da luru, muna da ɗan Kura mai ƙyalli wanda Buzaye ke naɗawa. Yadin Turawa ya fara karya masaƙin ƙauye, masaƙun zamani na Kaduna da Kano suka biyo baya, su ma daga bisani akasarinsu suka rufe, aka bar mu da abin da jirgin ruwa ya sauke. Karofin Ƙofar Mata yana nan, amma ramukan da aka daina rini a cikinsu sun fi masu aiki yawa.

Na ga gaskiyar wannan da idona. Da na ga saƙin ya karɓi uwargida, sai na ce ni ma bari in nemo riga irinsa. Na zaga kasuwar Birnin Kudu, wani makon na je ta Sara, atamfa da shadda da leshi kawai nake cin karo da su. Da ƙyar wani dillalin tsofaffin riguna ya yi mini kwatancen wani dattijo da bai jingine ƙoshiyarsa ba. Na same shi a gindin bishiya. Ya ce 'ya'yansa duk acaɓa suke yi, domin babu mai sayen saƙa, ga shi mai kaɗa zaren hannu ta yi wuya. Ya karɓi aikina bisa sharaɗin in jira har bayan kaka.

Shawarata ga ma'aurata ita ce, idan za ku kashe kuɗi don tuna ranar aurenku, ku fara da adakar iyayenku mata, ku tambaye su sunan kowane zane da wanda ya saƙa shi. Idan babu, ku ba masaƙi aiki, ko da mayafi ɗaya ne. Kuɗin hayar kayan kwana ɗaya da kwalliya zai iya zama kafin alƙalami, kuma zanen zai zauna har 'yarku ta gada. Masu gidajen hoto su ajiye saƙi da tsamiya na gaske kusa da kayan Indiya. Ma'aikatun al'adu na jihohinmu kuwa su fara da abu mai sauƙi: su rubuta sunayen masaƙa da marinan da suka rage a kowace ƙaramar hukuma, su haɗa kowane da yaro biyu masu koyo tun yana da sauran ƙarfi. Hoton kuma a bar shi a bangon ɗaki, ba sai duniya ta gani ba.

Namu hoton a tsakar gidan Inna aka ɗauka da wayar ɗiyar yayata, bayan la'asar, kusa da rumbu. Uwargida tana sanye da audugar da aka noma a ƙasar nan tun kafin a haife ni, ni kuma ina gefenta cikin shaddar da ban san ƙasar da ta fito ba. Inna ta duba ta ce mace ta fi namijin kyau. Ban yi musu ba. Idan Allah ya kai mu baɗi, ya kuma ƙara wa dattijon nan lafiya, za mu sake wani.