Zauren 'Yan Mata: Ramin Da Ake Cikewa Da Ƙasar Wani Ramin

Yau maganar bashi za mu yi, musamman irin wanda ake ci don a biya wani. Na san wata za ta ce, "Haba Anti, ni da ko aure ban yi ba, ina ni ina bashi?" To ki saurara, don da kuɗin anko ake farawa.

A Amurka akwai katin cin bashi. Ba irin na ATM da kuke miƙa wa mai POS ba ne, don wannan kuɗinki ne a ciki. Wancan kuwa kuɗin banki ne, ki kashe yanzu ki biya daga baya, in kin makara ruwa ya hau, sau da yawa fiye da kashi 20 cikin ɗari a shekara. A 2023 bashin katunan nan a Amurka ya haura dala tiriliyan 1. Idan ya yi wa mutum katutu, sai ya karɓi sabon kati ya kwashe bashin tsohon ya mayar kansa. Sabon bankin zai ɗaga masa ƙafa, babu ruwa na shekara guda ko fiye, amma zai ci ladan kashi 3 zuwa 5 tun ranar farko. Mai hankali yakan ɗaure ciki ya biya kafin wa'adi. Saura kuwa, da sun ga tsohon katin ya zama wayam sai su koma kasuwa da shi, bashi ya zama biyu.

Mu nan Sabon Birni da Isa ba mu da katin, amma wallahi muna da halin. Yarinya ta shiga adashi biyu, ranar zubi ta zo babu ko sisi, sai ta ranta wajen dillaliya ta kai wa uwar adashi. Dillaliya ta matsa, sai ta kwashi ɗaya adashin tun kafin lokacin da ta tsara ta ba ta. Kuɗin da aka ce na kayan ɗaki ne sun tafi, ko kwalla ɗaya ba a saya ba, zubi kuma yana nan yana jiranta duk mako.

Yanzu ga na waya ya shigo, manhajojin nan masu ba da rance cikin minti biyar. Mu yi lissafi irin na aji. A ce kin ci N20,000, ruwansa kashi 15 a mako biyu. Za ki biya N23,000. Ba ki da su, sai ki ranto a manhaja ta biyu, ya zama N26,450. Ta uku, ya wuce N30,400. Cikin mako shida ke nan, kuma atamfar da aka ci bashin dominta an riga an wanke ta sau biyu. Ban ma taɓo zancen riba ba, wanda kun san hukuncinta tun a Islamiyya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tonon silili: wasunsu kan tura saƙo ga duk lambar da ke wayarki, har da ta surukar da ba ki shiga gidanta ba tukuna. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, Google kuma ya hana su leƙa lambobi da hotunan mutane a 2023.

Masu 'yan uwa a tsallake, wajen Maradi, ku kula da rancen sefa. A farkon 2023 dala tana wajen N460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu 2024 ta haura N1,500, sefa ma ta bi ta sama. Wadda ta ranto sefa ta toshe bashin naira, nata ya ninku tana barci.

Ban ce sauya bashi kullum ɓarna ne ba. In yayarki ko gwaggonki za ta ba ki rance babu ƙari ki sallami mai ruwa, karɓi da hannu biyu. Amma ki goge manhajar a gabanta, ku yanke ranar biya, ki kuma je da ƙafarki ki gaya wa uwar adashi ta cire ki daga zagaye na gaba. Ankon bikin watan gobe kuwa, ki sa wanda ke cikin akwatinki, amarya ba za ta fasa tarewa ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.