Kuɗin kiyaye haɗari: a fara da ƙidaya, a yi wa'azi da Hausa

Yau zancenmu a kan gudron yake, wato babbar hanya mai lamba ɗaya wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Birnin Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi, ta nufi Madawa da Maraɗi. A Tsarnawa ne kuma hanyar Tawa take rabuwa da ita, ta bi ta Badagishiri cikin ƙasar Illela. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda albasa a Galmi, da duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki, ya san wannan yanki, ya kuma san yawan ta'aziyyar da hanyar ta sa shi zuwa.

Nauyin da ke kanta ba na jiya ba ne. Tsohuwar masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki a shekarun 1960, tan 40.000 aka gina ta ta fitar a shekara. Sabuwar kuwa an gina ta ne a kan tan 650.000. Ko da kowace kamyo za ta ɗauki tan 40, lodi ya haura 16.000 ke nan idan masana'antar ta cika aikinta. A ƙara da motocin albasa, da kayan da ke shigowa ta iyakar Ƙonni, da bas-bas na matafiya, da ƴan kabu-kabu, da amalanken jakai, da yaran lakwal masu ƙetare hanya. Duka a kan shimfiɗa ɗaya.

Hukuma ba ta zauna hannu biyu ba. A 2014 an yi sabuwar dokar hanya, an kuma kafa ANISER, hukumar da aka ɗora wa kiyaye haɗari. A 2017 asusun FER ya gaji CAFER wajen tattara kuɗin gyaran hanyoyi, ciki har da na peyaj da muke biya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarun 2021 zuwa 2030 don a rage mace-macen hanya da rabi. Ofisoshi dai akwai su. Tambayarmu ita ce: idan gwamnati ta ware tallafi don bincike da faɗakarwa, me ya kamata a saya da shi?

Abu na farko, ƙidaya. Sai an san ciwo ake neman magani. Jandarma yana rubuta abin da ya tarar a wurin haɗari. Wanda aka kwasa da ransa ya cika bayan kwana uku a asibitin Galmi ko na Ƙonni, a littafin likita yake. Wanda dangi suka kai gida wurin maɗori, ba ya cikin littafin kowa. Alhali ƙa'idar da duniya ke bi ita ce a lissafa duk wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan haɗari. Wannan giɓi yana cikin dalilan da suka sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya yake zarce alƙaluman gwamnatoci da nisa a ƙasashen Afirka da dama. Rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1,19 hanya take ci kowace shekara, kuma ita ce kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Aikin nan ba ya bukatar ƙwararre daga Turai. Akwai jami'a a Tawa tun 2010. A ba ɗalibai da malamansu tallafi, su haɗa littattafan jandarma da na asibitoci na Ƙonni, Malbaza da Illela, su fitar da taswira: wace kwana, wace mararraba, wace rana ta mako, ƙarfe nawa, wace irin mota. Idan ta bayyana cewa ranar kasuwa ce ko bayan magariba, an san inda za a tsayar da jami'i, da inda za a sa tudun rage gudu da fitila. In babu wannan, duk allon da aka kafa harbi ne cikin duhu.

Abu na biyu, faɗakarwa. Taron ƙara wa juna sani a otel da Faransanci yana da ranarsa, amma yaron mota da mai amalanke ba sa halartarsa. A kai magana tasha, da kasuwa, da gidajen rediyon karkara, da lakwal, cikin Hausa, ta bakin shugabannin direbobi da sarakunan gargajiya. Kuma a faɗi abin da hankali zai kama. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya ga yaro ya taka birki, ta riga ta shafe wannan tazara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa idan gudu ya tashi daga 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da aka banke yana ninkawa sau huɗu da rabi, kuma hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwar mai babur fiye da sau shida. Direban da ya ji wannan da harshensa zai gane cewa ƙaddara gaskiya ce, amma taya mai sanƙo zaɓin mutum ne.

To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƴan kasuwa, ku ne masu kaya. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da ya halatta a ɗora wa mota. Wanda ya ce a ƙara buhu hamsin don ya rage kuɗin lodi, ya ƙara tsawon birki, ya farfasa gudron da shi ma zai bi gobe. Wanda ya tilasta wa direba kwana a kan sitiyari don kaya su riski kasuwa, yana da kaso cikin abin da ya biyo baya. Ma'aikata kuma, permi da takardar duba lafiyar mota da aka bayar ba tare da gwaji ba, sa hannu ne a kan ran wani.

Shi ya sa muke kira da a gindaya sharaɗi uku ga kowane tallafi. A bayyana adadinsa da sunan wanda ya karɓa. A kashe mafi yawansa a garuruwan da hanya ta ratsa. A ƙarshen shekara kuma a auna shi da yawan rayukan da aka tsirar, kada a auna shi da yawan tarurruka da rigunan da aka raba. Farfe-farfe na Ƙonni, Malbaza da Illela suna iya neman wannan lissafi, ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi su mara musu baya.

Allah ya kiyaye hanya, mu ma mu kiyaye ta. Sai mako mai zuwa.