Ra'ayinmu: Da wane mudu aka auna ƙarfin kwamfutar?

Duk wanda ya taɓa sayen gero a wata kasuwa ya je sayarwa a wata ya san cewa mudu ba ɗaya ba ne, kuma ba a yin ciniki sai an ga abin awo. Wannan ne ya sa yau muka ga ya dace mu yi magana a kan wasan ces, darar Turawa da malamai ke kira shaɗaranji, ganin yadda samarinmu masu jiran shago suke buga shi a salula, har ana tallata musu manhajoji na kuɗi da sunan wai wannan ta fi waccan ƙarfi.

Zancen ko na'ura ta fi mutum dai an gama shi tuni. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta kayar da zakaran duniya Garry Kasparov, a 2006 kuma Deep Fritz ta ci Vladimir Kramnik 4 da 2. Ana auna gwaninta da maki da ake kira Elo. Mafi yawan da ɗan Adam ya taɓa samu shi ne 2882, na Magnus Carlsen a 2014, alhali manyan manhajoji sun haura 3500.

To, amma makin manhaja ba daga sama yake faɗowa ba. Ana haɗa ta ne da ƴan'uwanta su buga dubban wasanni, a kan na'ura iri ɗaya, da lokaci iri ɗaya. Da an canza ɗaya daga ciki, lissafi ya canza. A 2017 kamfanin DeepMind ya sanar cewa AlphaZero ta buga wasa 100 da Stockfish, ta ci 28, sauran 72 canjaras. Duniya ta yi ta tafi. Sai dai masana sun yi ƙorafi, domin na'urorin ba iri ɗaya ba ne, an kuma ƙayyade wa Stockfish minti ɗaya a kowane motsi. Mai kaya ne ya zo da mudunsa, ya kuma auna da hannunsa. AlphaZero gwana ce, ba mu musu, amma irin wannan awo ba ya raba gardama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne na 2021, lokacin da kamfanin ChessBase na Jamus ya fito da Fat Fritz 2 a kan kusan Yuro 100, sama da jikka 65 ke nan na sefa, yana cewa babu kamarta. Da aka buɗe buhu sai ga Stockfish a ciki, wadda kowa ke iya sauke ta kyauta, an ɗan yi mata kwaskwarima. Masu Stockfish suka kai ƙara kotu a Munich, a 2022 aka sasanta, kamfanin ya amince ya dakatar da sayar da kayan da ke ɗauke da ita har shekara guda. Ƴan kasuwa sun san sunan wannan sana'a: sauya buhu.

Saboda haka muna kira ga masu sayar da salula da masu loda manhajoji a kasuwanninmu na kan iyaka, kada su karɓi kuɗin yaro a kan lambar da ke jikin talla. A tambayi wanda ya auna, da kuma na'urar da aka auna a kanta. Mai son abokin wasa mai ƙarfi kuwa, Stockfish tana nan kyauta, kuma ko a salula ta fi ƙarfin duk wani gwani da ke raye.